A Kawo Mana Fim Ɗin Shehu Umar Mu Gani Da Idonmu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan tsofaffin finafinanmu da suka ɓace mana. Na san wani zai ce mutumin Zamfara da ke fama da 'yan bindiga da tsadar taki, ina shi ina zancen fim? To a yi haƙuri a ji ni tukuna.

Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa tireda. Ranar Talata ina kasuwar Mafara, in hanya ta yi kyau in leƙa Bakura da Maradun. Duk inda ka je cikin kasuwannin nan za ka tarar da rumfar masu tura fim a waya, yara sun yi mata dafifi. Babu irin wanda ba ka samu, na Indiya mai fassarar Hausa, na Chana, na Koriya, har na Turkiyya. Amma ka ce wa yaron ya tura maka Shehu Umar, sai ya yi maka kallon wanda ya zo da wani yare. A watan Satumba na 2021 da aka yanke layukan waya a jiharmu, kowa ya koma ga abin da ke cikin memorinsa, ɗiyanmu suka yi ta maimaita finafinan wasu ƙasashe har suka haddace sunayen garuruwansu. Na kakanninsu ko ɗaya babu a ciki.

Ga wanda bai sani ba, Shehu Umar littafi ne da marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar da aka yi a Zariya a 1933, tun yana malamin makaranta, kafin ya zama Firayim Minista. Labarin wani yaro ne ɗan Kagara da aka sace yana ƙarami a zamanin cinikin bayi. Aka bi da shi ta Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗansa, ya ƙetara Sahara da shi, ya yi karatu har ya zama babban malami. Uwarsa kuwa ta bar gida ta shiga duniya nemansa, ita ma aka mai da ta baiwa, sai a ƙarshen ranta Allah ya haɗa su. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin fim, da Hausa tsantsa, aka kuma nuna shi a bikin Festak na 1977 a Legas. Daga nan sai shiru, har mutane suka ɗauka ya salwanta.

Edita, ka dubi labarin nan da kyau. Yaro an sace, uwa ta sayar da kwanciyar hankalinta tana bin sawunsa. Wallahi a ƙasar Maradun da Bakura yau ba sai an yi wa kowa fassarar wannan ba. Akwai gidajen da in aka kunna shi, uwayen da ke zaune kan tabarma su za su fi malaman jami'a gane shi. Shi ya sa na ce wannan ba zancen nishaɗi kaɗai ba ne.

To abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ashe fim ɗin bai ɓace ba. A 2016 an gano faifansa cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya mai suna Arsenal da ke Jamus ta gyara shi tas, aka nuna shi a babban bikin finafinai na Balin a 2018. Ka ji fa! Bature a Jamus ya zauna sama da awa biyu yana kallon Bahaushe na magana, yana karanta fassara a ƙasan allo, mu da ba mu buƙatar fassara ba a kawo mana ba. Ba laifin Jamusawa nake gani ba, sun kyauta, da ba su ba wataƙila da tsatsa da zafi sun cinye shi. Amma mai abu ya kamata a ce ya rigaya baƙo gani.

Su can suna da wata ɗabi'a ta bin finafinan da duniya ta manta, ko waɗanda aka raina, su riƙe su da daraja. Akwai wani fim da wani mutum, Nabwana, ya yi a 2010 a unguwar talakawa ta Wakaliga a Kampala, ƙasar Yuganda, sunansa Who Killed Captain Alex. Kuɗin da ya kashe bai wuce dala 200 ba, har da mai surutu a kan fim ɗin yana ba da dariya, kamar dai masu fassarar Indiya na wajenmu. Mutumin ya goge asalin fim ɗin daga kwamfutarsa don ya samu wurin sa wani sabo. Kwafi ne na faifan DVD ya tsira, yau ga shi miliyoyin mutane sun kalle shi a YouTube. Kwafi guda fa, Edita.

Mu namu fa? Iyayenmu suna ba mu labarin Baban Larai, wanda aka yi tun zamanin Turawa don koya wa manoma noman auduga, motar majigi na yawo da shi gari gari, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i. Mu da ƙasarmu ta yi suna da auduga, yau ko hotonsa ɗiyanmu ba su taɓa gani ba. Shi Adamu Halilu ya kuma yi fim a kan Kanta na Kabi, tarihin maƙwabtanmu ke nan. Ga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, wanda shi ne ake lissafawa farkon fim ɗin Hausa na kaset ɗin bidiyo. Ga wasannin Samanja da na Ƙasimu Yero da muke cincirindo a gidan mai talabijin mu kalla, dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. An kuma yi fim a 1986 a kan Sarauniyar Lugu ta ƙasar Dogon Dutsi a Nijar da ta tari sojan Faransa a 1899, har ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Matasanmu nawa suka san da shi?

Kaset kuwa ba ya jiran kowa. Damina biyu uku a ɗaki mai raɓa, sai zaren ya yi fumfuna ya manne. Na ga inda yara suka warware zaren kaset aka kewaye gonar gero da shi don korar tsuntsaye, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Kada wani ya ce ina neman a dawo da gidajen silima da aka rufe lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a zamanin Yariman Bakura. Sam, ba nan na dosa ba. Fim ɗin da ke nuna malami yana karantar da almajirai, babu rawa babu tsiraici, ban ga malamin da zai hana a nuna shi a filin makaranta ba, maza gefe mata gefe. Abin da yara ke kallo a ɓoye cikin waya ya fi shi abin tsoro nesa ba kusa ba.

Don haka ina kira ga Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos da gwamnatin Jihar Zamfara su haɗa kai a kawo mana shi. In tsaro bai bari a yi taron dare a ƙauyuka ba, a nuna shi da rana a makarantun sakandare na Mafara da Bakura da Maradun. Gidajen talabijin irin su NTA da Arewa24 su nemi izini su sa shi. Mafi sauƙi ma, a ba masu tura fim na kasuwa kwafi mai kyau da yardar hukuma, ni na tabbata kafin kasuwa uku ya kai ƙauyen da ko motar gwamnati ba ta zuwa. Masu tsofaffin kaset a gida kuma don Allah kada a ba 'yan gwangwan, a nemi mai kwamfuta ya juye su tun suna da rai.

Su kuma 'yan fim na Kano da Kaduna, ga aiki nan a ƙofar gidanmu. Dattawan da suka ga abin da ya faru da manoma a madatsar ruwa ta Bakolori a watan Afrilu na 1980 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A zo da kyamara a ɗauki bakinsu, mu za mu nuna hanya, mu ba da masauki da fura.



Naka mai karatu kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
Talata Mafara, Jihar Zamfara.