Farin ƙuda a garaken Adar: yawan ure ne ke ciyar da shi

Tun daga shekara ta 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga noman rani bayan babban fari, garake suka yawaita cikin jahar Tawa: a fadamar Tadis, a kwarin Keita, da bakin tabkin Tabalak. Tumatir ya zama abin cefane da abin biyan bashi, ɗanye ko kauda. To, amma akwai wani ƙwaro da ke bin wannan arziki, wato farin ƙuda, wanda masana ke kira Bemisia tabaci.

Ƙwaron bai kai ƙwayar gero ba. Yana zama a ƙarƙashin ganye, ya soka bakinsa, ya tsotsi ruwan jikin shuka. Nan ne macen ke yin ƙwai, kuma idan da ɗumi, cikin kamar sati 3 ƙwan ya zama babban ƙuda. Kashinsa mai danƙo yana jawo baƙar funfuna bisa ganye. Abin da ya fi muni, shi ke ɗaukar cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, ya yi ɗorawa, fure ya zube. Shukar da ta kamu tana ƙarama ba ta yin ƴaƴan kirki, kuma babu maganin da ke warkar da ita.

Masu bincike a ƙasashe da dama sun gwada tumatir da kaɗa, sun ba wasu taki kaɗan, wasu da yawa. Abin da suka gani shi ne: macen tana zaɓen inda za ta yi ƙwai. Shukar da ta sha azot da yawa, wato sinadarin da ke cikin ure, ganyenta yana yin taushi, ruwan jikinta ya ƙara ƙarfin abinci. A kanta ƙwai ya fi yawa, ƴaƴan da ke rayuwa har su girma ma sun fi yawa. Duhun ganye kuma yana ba su inuwa, ya kare su daga feshi.

Ke nan manomin da ke zuba ure don ganin garkarsa ta yi kore shar, ƙwari yake kiwo da kuɗinsa. Sai ya koma kasuwa sayen magani, ya yi ta feshi, ya kashe ƙwarin kirki masu cin farin ƙuda. Garin neman ƙiba, an samo rama. Ƙasar Sudan ta ga irin haka: a ƙarshen shekarun 1970, yawan feshi a gonakin kaɗa na Jazira ya sa farin ƙuda ya gagara, kaɗa ta yi danƙo, darajarta ta faɗi.

Ba a ce a bar taki ba, domin ƙasar Adar tana bukatarsa. Awo ake so. A fara da takin dabbobi da ya ruɓe, a sa 15-15-15 mai haɗe da fotas, sannan a raba ure kashi biyu ko uku maimakon zubawa gaba ɗaya. A rufe wurin renon iri da gidan sauro, a tuge shukar da ta kamu, a yi aiki da ruwan ƴaƴan dogon yaro tun ƙwari ba su yi yawa ba.

Ya kamata ma'aikatan gona, da ƙungiyoyin manoma, da masu binciken INRAN, su sa buhun taki ya isa ga manomi tare da bayanin awonsa cikin harshen da yake karantawa. Rigakafi ya fi magani.