Kaluluwar Yaro Ba Abar Tsagawa Ba Ce

Iyaye maza da mata, akwai abin da yake yawan kawo ku asibiti a makare, wato kaluluwa a wuyan yaro, ko a hammata, ko a matsematsi. Ra'ayina a kai ɗaya ne: kada a sa mata aska, kada a yi mata sakiya. A nemi abin da ya tayar da ita.

Kowa yana da waɗannan 'yan ƙwayoyi a jikinsa, ɗaruruwa, tun daga haihuwa. Aikinsu irin na rariya ne, suna tace ruwan jiki su tare ƙwayoyin cuta. In cuta ta shiga kusa da su sai su kumbura. Shi ya sa gyambo a ƙafa yake ta da kaluluwa a matsematsi, makero ko ƙuraje a kai su ta da ita a ƙeya da bayan kunne, ciwon maƙogwaro ko na haƙori kuma ya ta da ita ƙarƙashin muƙamuƙi. In aka yi maganin tushen, takan sauka da kanta, ko da ta ɗauki makonni. Wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, tana motsi in an taɓa, yaro yana ci yana wasa, yawanci ba abin tsoro ba ce.

Na san wasu za su ce wanzami ya yi wa ɗan wane sakiya, mugunya ta fita, ya warke. Yana yiwuwa, in maruru ne. Amma ido ba ya bambance maruru da kaluluwar tarin fuka. Ita wannan in aka tsaga ta, bakin yakan ƙi rufewa, ta yi ta yoyo wata da watanni. Ga manyan jijiyoyin jini a wuya. Askar da ta taɓa wani kuma tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, ƙazantar ciwon ta kawo cutar da ke sandare jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafson kasuwa ma ba na goyon bayansa. Ba ya kashe tarin fuka, sai cin kuɗi da ɓata lokaci.

Ku kawo yaro asibiti:
- in kaluluwar ta wuce santimita 2, wato ta tasam ma girman goro;
- in ta yi mako 2 tana ƙaruwa, ko wata guda ba ta ragu ba;
- in ta yi tauri, ba ta motsi, ko da ba ta zafi;
- in ta fito a ramin gindin wuya, ko a wurare da yawa;
- in yaro yana ramewa, yana gumin dare, ko akwai mai tari a gidan.

In ta yi ja da zafi tare da zazzaɓi mai ƙarfi, ko yaro ya kasa haɗiya ko numfashi, a zo ran nan.

Rashin zafi shi ya fi yaudarar iyaye, don kaluluwar tarin fuka yawanci ba ta ciwo. Tana warkewa da magani na wata 6, wani lokaci wata 4, kuma maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na Kamaru. Mu da muke ƙasar shanu, irin su Ngaundere da kewaye, mu sani ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu, don haka a tafasa ta. Akwai kuma ciwon daji na yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Yana kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, amma yana jin magani sosai in an zo da wuri. Jaririn da aka yi wa allurar BCG shi ma yakan yi kaluluwa a hammatar wannan hannu. A nuna mana, kada a matse.

Kuɗin mota da nisan hanya gaskiya ne, ban raina su ba. Amma zuwa ɗaya da wuri ya fi arha a kan kwanciyar asibiti. Wanzamai kuma, ku ne ake fara kai wa yaro. In kun ga kumburi a wuya, ku ajiye aska ku turo mana shi. Allah ya raya mana yaranmu.