A Bar Yara Su Koyi Ilmin Tafiyar Kaya

Jama'a, akwai wani ilmi da ake koyarwa a jami'o'i wanda har yanzu ba mu ba shi girmansa ba. Shi ne ilmin tafiyar kaya, watau yadda amfanin gona zai bar hannun manomi, ya kwana a rumbu, ya hau mota, ya ratsa hannun dillali, har ya isa tukunya ba tare da ɓarna ba, ba kuwa a gajiyar da ƙasar da jikokinmu za su noma ba. Ni a ganina muna bukatar malaman wannan fanni kamar yadda muke bukatar malaman iri da na taki.

Ku dubi wake. Manomi ya sha wahala ya noma, ƙwaro ya shiga buhu, mai ajiya ya ji tsoron hasara ya zuba magani fiye da ƙima. A 2015 sai Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Laifin ajiya ne, amma har da manomi aka sha hukunci.

Alhali kuwa tun 2007 malaman Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗa buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu a ciki, buhu a waje. In an ɗaure shi tam iska sai ta ƙare, ƙwaro ya mutu, babu ko digon magani. Malaman nan sai da suka bi diddigin wanda zai ƙera buhun, da wanda zai sara, da yadda zai kai kasuwar ƙauye kafin kaka. Wannan bin diddigi shi ne aikin da nake nufi.

Na sani wasu za su ce hanyar tana da tsawo. Gaskiya ne. Yaro zai yi digiri na farko, da na biyu, da na uku kafin ya zama cikakken malami, albashinsa kuwa ba zai kai ribar babban ɗan kasuwa ba. Amma malami guda in ya gano inda tumatirin Kadawa ke lalacewa a hanyar Ikko, ya ceci kwandunan mutum dubu. Wuraren koyo kuwa ba su yi nisa ba: ga Samaru, ga Makarantar Koyon Fasahar Sufuri ta Zariya da aka kafa a 1986, ga Jami'ar Bayero.

To, iyaye, in yaro ya nuna sha'awa kada a karya masa gwiwa. Ku kuma 'yan kasuwar Dawanau da akawunanku, in ɗalibi ya zo da tambaya kan kuɗin mota da yawan hasara, ku gaya masa gaskiya, don da lissafinku zai yi aiki. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.