Wai Don Ba Shi Da Takardar Asali?

Wani ɗan'uwanmu da ya kama aikin gwamnati bara ya karɓi kwikwiyo daga hannun wata ɗaliba mai koyon likitan dabbobi. Ita ce ta tsamo shi daga cikin kwata bayan mota ta take uwarsa, ta riƙe shi mako bakwai tana ba shi madara da sirinji, har ya iya lasa da kansa. Barbarar yanyawa ne, kunne guda a miƙe, guda a kwance. Da labari ya iso ɗakin cin abinci sai aka bushe da dariya, wai mutum mai digiri, mai gida a unguwar ma'aikata, ya rasa abin da zai ɗaure a ƙofarsa sai karen bola. Mu wannan dariya ce ta dame mu, kuma a kanta za mu yi magana.

Da a ce masu dariyar sun ƙi kare ne gaba ɗaya, da mun ce ra'ayinsu ne, mu wuce. To amma mun san su. Su ne waɗanda da zarar albashi ya kankama za su nemi Alsheshan, su kafa allon gargaɗi da Turanci a bakin ƙofa, su riƙa saya masa naman da maigadinsu bai taɓa gani a miyarsa ba. Ashe ba kare suke ƙyama ba, talaucin asalinsa suke ƙyama. Shin ina asalin da suke taƙama da shi? A shekarar 1899 wani hafsan sojan Jamus, Max von Stephanitz, ya fara rajistar wannan iri daga cikin karnukan makiyaya, kuma Ingilishi ne suka laƙaba masa suna Alsheshan bayan Yaƙin Duniya na Farko don kada a ambaci Jamus. Karen kiwo ne da aka yi wa takarda. Garin tsare wannan takarda aka yi ta haɗa dangi da dangi, har ciwon ƙugu ya zama gadonsu. Sannan a ɗauko mai gashin ƙasar sanyi a ɗaure shi a ranar bazara, yana haki, a ce an waye.

Ga wani abin da ya fi wannan ban takaici. Dogon karen nan siriri na Buzaye, wanda ke bin raƙuma da awaki a yankin Azawak tsakanin Nijar da Mali, an fara kai shi Turai a shekarun 1970, kuma a 2019 ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin littafinta. Yanzu da sunansa da farashinsa. Muna da tabbacin cewa ranar da aka dawo mana da shi cikin jirgin sama da hatimi a wuya, waɗannan masu dariya su ne za su fara yin layi.

Su kansu Turawan da ake kwaikwayo ba haka kawai suke ba. Gidan karnukan Battersea da ke Landan tun 1860 aka kafa shi, kuma aikinsa tattara ɓatattu da yasassu ya nema musu masu riƙo. Wannan ɓangaren ne 'yan bokonmu suka tsallake, alhali kuwa shi ne ya fi kusa da mu, mu da muka san ɗan riƙo a gidajenmu tun kaka da kakanni.

Za a ce mana addini. To, malamanmu na Malikiyya sun halatta kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma a wurinsu kare mai rai ba najasa ba ne. Ba mu ce a kwana da shi a gado ba. Amma ba mu san littafin da ya halatta na Jamus ya haramta na gida ba, balle wanda ya yarda yara su yi ta jifan kwikwiyo har ya mutu manya na kallo.

Za a kuma ce ciwon haukan kare, kuma wannan magana ce mai nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kamar 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da yawansu yara ne. Idan alamunsa suka bayyana, sai dai a yi haƙuri. Sai dai hujjar tamu ce, ba tasu ba. Ita hukumar ce ta nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, ciwon zai daina yaɗuwa. Wa zai kai karen bola allura? Kwikwiyon da aka bari a kwata, in ya rayu, shi ne gobe zai bi bayan ɗakunan kwananmu yana tonon shara ba mai shi. Wanda aka ɗauka kuwa yana da mai amsa tambaya a kansa.

Ɗan'uwan namu ya ba nasa maganin tsutsar ciki, ya kai shi allura da ya cika wata uku, katin yana nan a aljihun teburinsa. Muna so ƙungiyar ɗalibai ta nemi sashen likitan dabbobi ya ware rana guda kowane zango don yi wa karnukan harabar jami'a da na unguwannin kewaye allura, a kuma buɗe littafi a ofishin ƙungiya na masu son karɓar riƙo. Masu Alsheshan ma su zo da nasu, da katinsa, mu gani.