Gawo Ya Fi Mu Sanin Yadda Ake Sulhu

Maudu'inmu na wannan mako shi ne yadda manoma da makiyaya ke jure wa sauyin yanayi. Ra'ayinmu a taƙaice: duk dabarar da ta raba manomi da makiyayi ba za ta ɗore ba, wadda ta haɗa su ita ce ke tsira.

Kowa ya ga alamun. Damina tana makara, ruwa ya ɗauke ana tsakiyar noma, wani lokaci kuma ya zubo lokaci guda ya yi ambaliya. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi masu ɗimbin yawa a yankin Sahel, suka tura makiyaya kudu. Yawan jama'a ya sa gonaki suka cinye burtali da makiyaya. Daga nan ne rigimar da muke ji a rediyo take samun tushe.

Amma mu leƙa jihar Maraɗi a Nijar. Tun farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututtukan da manoma ke sarewa kowace shekara ba matattu ba ne, saiwarsu na raye a ƙasa. Sai aka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a ƙone komai, manomi ya zaɓi tsiro mafi ƙarfi a kan kututture, ya rage sauran, ya kare shi har ya zama bishiya. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da bishiyoyi kusan miliyan 200.

Cikin waɗannan bishiyoyi, gawo ne sarki. Da damina yana zubar da ganye, don haka gero da dawa suna samun rana a ƙarƙashinsa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, sai ya yi kore, ya ba da inuwa da 'ya'yan da awaki da shanu ke ci. Dabbobin da suka kwanta a gindinsa su bar kashi a gonar. Manomi ya ci riba, makiyayi ya ci riba, a fili ɗaya.

Wannan tsohuwar al'ada ce ta dawo da sabon kaya. Iyayenmu sun san lokacin da Bafulatani ke sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara, gona ta sami taki, a yi musayar nono da hatsi.

Wani zai ce ai makiyaya ne ke sassare rassan bishiyoyin. Haka yana faruwa. Shi ya sa a ƙauyuka irin su Ɗan Saga aka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa da makiyayan kansu. Wanda aka zauna da shi wajen kafa doka ya fi saurin kiyaye ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To ina aikinmu? Yaron da bai taɓa karanta labarin manomi da makiyayi ba sai da adda a tsakaninsu, zai tashi yana ganin gaba ita ce gadonsa. Mu je ƙauye mu tambayi dattawa ina burtali ya bi a da, me ake shukawa yanzu da damina ta gajarta, wa ke sasanta ɓarnar gona. Mu saka waɗannan cikin gajerun labaranmu da wasannin kwaikwayo, da sunayen itatuwa da kalmomin kiwo yadda masu su ke faɗa.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman 'yan uwa da suka taso a ruga. Allah Ya ba mu damina mai albarka.