Kwamitin kawo sauyi ne ya hana mu sauyawa (zare)

1/ Wata shida na yi SIWES a wani kamfanin haɗa manhaja a Abuja, kuma tun da na dawo makaranta abin nan yake ci na. Ba zan kama suna ba, kar ma wani ya biyo ni ta bayan fage. Kwamitin da aka kafa don ya kawo mana "ajayil" shi ne ya shaƙe wuyan ajayil ɗin. Ku biyo ni.

2/ Ga waɗanda ba 'yan kwamfuta ba: ajayil salon aiki ne. Maimakon a shekara ana tsara manhaja a takarda, sai a gina kaɗan, a ba masu amfani su taɓa, a ji ƙorafinsu, a gyara, a sake ba su. Mutum 17 ne suka rubuta takardar da ta kafa shi a Fabrairun 2001, a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka.

3/ Takardar gajera ce, kafin shayinka ya huce ka gama karanta ta. Abin da ta sa a gaba shi ne mutane sun fi tsari da kayan aiki muhimmanci, kuma masu yin aikin su ne za su tsara yadda za su yi shi. Ku riƙe wannan.

4/ A wurinmu kuwa, tun kafin in zo aka kafa kwamitin kawo sauyi. Mutum biyar, ofishinsu daban, kowa da satifiket ɗinsa a bango. Wata shida ban ga ɗayansu ya rubuta layin kod ko ya ɗaga wayar kwastoma ba. Amma su ke faɗa mana yadda za mu yi aiki.

5/ Taron tsaye na safe, a tsarin Scrum minti 15 ne, kuma na masu aikin ne, su daidaita tsakaninsu. Namu yakan kai minti 45. Wata daga kwamiti na tsaye da littafi tana rubuta wanda ya makara. Kowa ita yake kallo yana ba da rahoto, ba abokin aikinsa ba. Wallahi kamar asambulin firamare.

6/ Ga abin da ya fi ƙona min rai. Wata rana na gano rasit ɗin da manhajarmu ke fitar wa kwastoma yana juya rana da wata: 3 ga Afrilu sai ya fito 4 ga Maris. Na nuna wa wanda nake ƙarƙashinsa. Ya duba ya ce layi biyu ne, kafin la'asar an gama.

7/ Aka kuwa gama kafin la'asar. Amma ba a sake shi ba. Wai ba ya cikin aikin da aka tsara na wannan zangon na mako biyu, kuma ƙara abu a tsakiyar zango sai an cike fom, kwamiti ya zauna ranar Alhamis. Alhamis ta zo, shugabansu ya tafi bita. Bita a kan me? A kan ajayil.

8/ Mako uku gyaran yana kwance. Mako uku 'yan kasuwa suna kira suna zagin yarinyar da ke amsa waya, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ɗaya ma cewa ya yi zai koma littafinsa da biro, ai su ba sa canza masa wata.

9/ Sai batun maki. Kowane aiki ana ba shi maki gwargwadon wahalarsa, don tawaga ta san iya abin da za ta ɗauka. Kwamiti ya mai da shi gasa, ana liƙa sakamakon tawagogi a bango. Me kuke tsammani? Aikin da jiya maki 3 ne, yau ya zama 8. Jadawali ya yi sama, aka nuna wa oga, aka tafa. Manhaja tana nan yadda take.

10/ Zaman waiwaye na ƙarshen zango, inda ya kamata a faɗi gaskiya, da ɗan kwamiti ake yi, kuma shi ke kai rahoto sama. Wa zai ce fom ɗinku ne matsalar? Sai ka ji ana "intanet ne ba ƙarfi".

11/ Har suna suka canza mana, wai mu "ƙabila" ne, kwaikwayon Spotify. A Najeriya fa, ƙabila! Alhali waɗanda suka rubuta bayanin tsarin Spotify a 2012, Henrik Kniberg da Anders Ivarsson, da kansu suka ce hoton yadda suke aiki ne a lokacin, suna kan hanya ne.

12/ Kar ku ce ɗan IT ne kawai ke surutu. Martin Fowler, ɗaya daga cikin 17 ɗin can, a wani jawabi a Ostireliya a 2018 ya soki masu ƙaƙaba wa tawagogi tsari da sunan ajayil. A shekarar dai Ron Jeffries, shi ma cikinsu yake, ya rubuta cewa masu rubuta manhaja su rabu da irin wannan ajayil ɗin.

13/ Na san wani zai ce idan babu kwamiti kowa zai yi abin da ya ga dama. Na yarda ana buƙatar mai jan gaba. Akwai abubuwan da mu ƙanana ba mu isa mu taɓa ba: kasafin da ake yi sau ɗaya a shekara, sa hannun manaja uku kafin a saki komai, sayen saba da ke ɗaukar wata biyu. Nan ne aikin kwamiti yake.

14/ Ko ɗaya ba su taɓa ba. Hawa bene a ce wa oga "sa hannunka ne ke jinkirta mu" akwai haɗari. Saukowa a koya wa masu kod yadda ake liƙa takarda mai launi a bango babu. An bar jaki ana dukan taiki.

15/ A masana'antar Toyota, ma'aikacin da ya ga matsala yana da ikon jan igiya, shugabansa ya rugo, in ta kama a tsayar da layin. Mu mun ga matsala, mun ma gyara ta, aka ce mu jira Alhamis.

16/ Kuma ku lura, ranar da kwamiti ya ce "kun iya, ba kwa buƙatarmu", ranar ofishinsa ya rufe. Shi ya sa kullum akwai sabon mataki, sabon fom, sabuwar bita. Na tambayi ɗaya daga cikinsu yaushe za a gama sauyin. Ya yi dariya ya ce ai tafiya ce, ba ta da ƙarshe.

17/ Satin da zan tafi aka raba mana fom mai shafi huɗu na auna yadda muka "balaga" a ajayil. Tawagarmu ta ci 4 cikin 5. Ni na cike wa mutum uku nasu, don suna can suna fama da wani gyaran da ke jiran Alhamis.