Raddi Ga Masu Cewa Mutanen Ingila Sun Yi Da-Na-Sani

 

Ku sani, ya 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani saurayi daga cikin masu karatun boko ya zauna a zaurena bayan la'asar, ya ce wai mutanen Ingila sun yi da-na-sani a kan ƙuri'ar da suka jefa ta fita daga Tarayyar Turai, wai da za a mai da musu akwati yau da sun lashe amansu. Bai tsaya nan ba, ya ɗora da cewa don haka ne ba a tambayar talaka babban al'amari, domin yau ya ce i, gobe ya ce a'a. Maganarsa ta fari kuskure ne mai sauƙin gyara. Ta biyun ita ta hana ni barci, gama na sha jin ta a bakin masu rawani da masu kwat, kuma guba ce. Ni ban taɓa shiga aji ba, ban san Ingila ba sai ta akwatin rediyo, amma lissafi ba ya tambayar mutum inda ya yi karatu.

Ga asalin al'amarin. Ranar 23 ga Yuni 2016 aka tambayi mutanen Birtaniya, wadda mu muke kira Ingila baki ɗaya, ko su zauna cikin Tarayyar Turai ko su fita. Mutum 17,410,742 suka ce a fita, mutum 16,141,241 suka ce a zauna. Tazarar ba ta kai miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba. Skotlan da Ailan ta Arewa da birnin Landan suka ce a zauna, mafi yawan sauran ƙasar suka ce a fita. Washegari Firayim Minista David Cameron, wanda shi ya kira ƙuri'ar, ya ce zai sauka. Tun daga wannan safiya waɗanda aka kayar suka fara cewa jama'a an yaudare su, za su farka.

Yaudara kam an yi. Masu neman fita sun rubuta a jikin babbar mota cewa fam miliyan 350 ƙasar ke aika wa Turai kowane mako, gara a zuba su a asibitoci, alhali kuwa adadin ba daidai ba ne, har Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin fita, ya yarda washegarin ƙuri'a cewa wannan alkawari kuskure ne. To, jama'a sun farka ɗin? Shekara uku da rabi aka yi ana ja-in-ja. A 2019 mutum fiye da miliyan shida suka sa hannu a takardar koke a soke fitar. Theresa May ta kai yarjejeniyarta majalisa sau uku ana kayar da ita, har ta sauka. Da aka zo babban zaɓe ranar 12 ga Disamba 2019, Boris Johnson bai zo da wata magana ba sai a gama fita, ya samu kujera 365 cikin 650. Jam'iyyar da ta yi alkawarin soke fitar kujera 11 ta samu, shugabarta ma ta rasa tata. Ba zan ɓoye muku ba, in aka tara ƙuri'un jam'iyyun da ke son a sake tambayar jama'a, sun ɗan haura rabi. Wannan ma hujjata ce: ƙasar da ta rabu kusan biyu a 2016, haka aka same ta a rabe a 2019, kowa na nan inda aka bar shi. Ranar 31 ga Janairu 2020 suka fita.

In ka ce mini, ai masu auna ra'ayin jama'a sun nuna an sauya, sai in ce na ji, ban kuwa ƙaryata su ba. A Nuwamba 2022 kamfanin YouGov ya tambaya, kashi 56 cikin 100 suka ce fitar kuskure ce, kashi 32 suka ce daidai ce. Amma ka karanta takardar har ƙarshenta. Cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar fita da hannunsu, ɗaya cikin biyar ne ya ce ya yi kuskure, a lokacin da tsadar abinci da ta wuta ta kai wa kowa wuya. Sauran huɗun fa? Mafi yawansu suna nan a kan bakansu, da yawa kuma cewa suke fita daidai ce, shugabanni ne suka ɓata aikin.

To daga ina ragowar sauyin ya fito? Daga maƙabarta da ɗakin haihuwa. A 2016 wajen shida cikin goma na tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama fita suka zaɓa, wajen bakwai cikin goma na samari 'yan ƙasa da shekara 25 zama suka zaɓa. Ƙasar kuwa tana binne wajen mutum dubu 600 kowace shekara, galibinsu tsofaffi, yara kuma suna cika shekara 18 suna shiga littafin zaɓe. Idan liman ya waiwaya bayan shekara goma ya ga sahu ya sāke, ba zai ce mamu sun sauya hali ba, zai ce waɗansu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu sun tsaya a gurbinsu. Wanda ya ƙidaya mamaci cikin masu tuba ya zalunci mamacin, ya kuma ruɗi kansa.

Dalilin wannan taurin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama a bakin ɗakin shari'a. Sau nawa ka ga wanda hukunci ya faɗa a kansa ya fito yana cewa alƙali ya yi gaskiya? Ƙuri'ar raba gardama ta fi wannan tsanani, domin amsa biyu kaɗai gare ta, ba ta da tsakiya, sai ta raba uba da ɗa, ta sa wa kowa suna, wannan ɗan fita, wancan ɗan zama. Zafin abin ya kai har mako guda kafin ƙuri'a aka kashe 'yar majalisa Jo Cox a kan titi. Bayan ƙuri'a kuma masu ilmi da masu jarida suka dinga kiran waɗanda suka rinjaye su jahilai, tsofaffi, masu ƙin baƙo. Ni shekaruna da yawa ina gyara wa yara allo, na kuwa sani yaron da ka kunyata a gaban 'yan'uwansa zai riƙe kuskurensa kamar gadon ubansa. Wanda ka zage shi jiya ba zai zo yau ya ce maka ka yi gaskiya ba, ko da yunwa na cinsa.

In ka ce, ashe ke nan jama'a ba ta sauya amsa har abada, sai in ce tana sauyawa, ba kuwa sai mun je Ingila neman misali ba, a ƙofar gidanmu aka yi. Ƙasar Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye da dutsen Mambila, wadda a da ake kira Kamaru ta Arewa, amana ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya a hannun Ingila, ana mulkinta haɗe da Jihar Arewa ta Nijeriya. A Nuwamba 1959 aka tambaye su ko su zauna cikin Arewa in Nijeriya ta samu mulkin kai, ko a jinkirta maganar. Manyan Kaduna sun ɗauka abin a aljihunsu yake. Sai mutum 70,546 suka ce a jinkirta, mutum 42,788 kaɗai suka ce Arewa. Bayan wata goma sha biyar, a Fabrairu 1961, aka sake tambaya, sai mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, mutum 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru.

Saurayin nan zai ce ga shi, talaka ya juya kamar ganye a iska. A'a. Abu uku aka sauya kafin amsa ta sauya. Tambayar ba ita ce ta fari ba, an cire jinkiri, ya zama ko Nijeriya ko Kamaru. Masu amsawa ma ba su ne na fari kaɗai ba, gama a 1959 maza ne suka jefa, a 1961 aka shigo da mata, ƙuri'u suka ninka har da ɗori. Na ukun shi ne babba. Mutanen nan, musamman na kan duwatsu, kukansu a kan mulkin En'e ne da hakiman da aka ɗora musu, sai aka ji kukan, aka raba ƙasarsu da lardunan Adamawa da Borno, aka kafa musu En'e nasu, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello kuma ya yi musu alkawarin lardinsu na kansu. Ranar 1 ga Yuni 1961 suka shiga Nijeriya, aka cika alkawari, aka yi Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwatarsa. Ba wanda ya zauna yana jiran su yi da-na-sani. Wanda aka ƙi ne ya gyara tayinsa.

Ku duba Ingila kuma. A zaɓen 2024 jam'iyyar Leba ta ci da gagarumin rinjaye, shugabanta Keir Starmer kuwa yana cikin waɗanda suka nemi a sake ƙuri'a a 2019, amma a takardar alkawuran jam'iyyarsa aka rubuta ba za a koma Tarayyar Turai ba, ba za a koma kasuwarta ta bai ɗaya ba. Mutumin da abincinsa ƙidayar ƙuri'a ne bai yarda ya ɗora kujerarsa a kan wannan tuba da ake faɗi ba. Kai da kake zaune a zaurena ka fi shi sanin zuciyar mutanensa?

Saboda haka, ya kai ɗana, in ka dawo gobe kada ka zo mini da kashi 56. Ka zo mini da adadin masu rai da suka ce i a 2016 suka dawo suka ce a'a, ka kuma faɗa mini abin da aka gyara musu a garuruwansu tun daga ran nan, sannan mu zauna mu yi lissafin tare. Haza wasalam.